Neman shawara: wane baƙin mai ya dace da inji mai GDI, kuma yaya ake hana kabon taruwa?

Mai tambaya, daga Agege: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan motata, domin lamarin ya fara hana ni barci. Tokumbo ce daga Amurka, na saye ta a hannun wani ɗan garinmu da ke harkar motoci a Berger, bayan na sayar da tsohuwar da nake hawa, na haɗa da kuɗin adashen da na ɗauka, har sai da maigidana na kasuwa ya cika mini ragowar bisa alkawarin zan riƙa biya a hankali. Saboda haka ba ni da halin canza ta, kuma da ita nake kai yara makaranta kafin in wuce Mile 12, inda nake harkar tumatir da tattasai. A kan murfin injin an rubuta GDI. Kwanan nan idan na tayar da ita da asuba sai injin ya yi ta rawa kamar zai mutu, idan kuma na taka totur a kan titin Ikorodu ba ta amsawa kamar da. An canza fulogi, abin bai daina ba. Bakanikena ya ce kabon ne ya taru, ya ce in ci gaba da zuba baƙin mai mai kauri, wato 20W-50, domin zafin Legas yana tsinka mai marar kauri, sannan in riƙa zuba maganin wanke nozul a tanki. Wani kuma ya ce wannan man ne ya jawo matsalar. Wanne zan bi?

Direba daga Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kafin a yi maganar lamba, a fara maganar jabu. Ni an taɓa sayar mini da galan mai hatimi da komai, ashe tsohon mai ne aka tace aka sake ɗurawa, injina ya buga, na yi watanni a zaune ba sana'a, wanda ya sayar mini kuma ya ce bai san ni ba. Har yau ban gama biyan bashin gyaran ba.

Bakanike daga Ikeja: Malam, ka saurare ni da kyau, domin wannan aikina ne. A tsofaffin injuna nozul yana fesa fetur a bayan bawul ɗin shan iska, don haka fetur yana wanke shi kullum. A injin GDI kuwa fetur yana shiga cikin silinda kai tsaye, ba ya taɓa bayan bawul ko kaɗan. Tururin baƙin mai da ke fitowa ta bawul ɗin PCV, wato bawul ɗin da ke fitar da tururi daga ƙasan inji, yana komawa cikin manifol, wato bututun da ke kai iska cikin silinda, ya sauka a kan bawul mai zafi, ya ƙone ya daskare kamar ƙanzo a gindin tukunya, har hanyar iska ta ƙuntata. Wannan ne ya sa maganin da ake zubawa a tanki ba zai cire shi ba: yana iya wanke nozul, amma hanyarsa ba ta bi ta wurin da kabon yake ba. Abin da ya riga ya daskare sai an kwance manifol an kankare, ko a fesa garin ɓawon wolnot (wani ɗan itace mai taurin ɓawo) da iskar kwamfuresa. Game da mai, ka duba murfin da ake zuba shi da littafin motar. Yawancin irin waɗannan motocin da ke zuwa daga Amurka 5W-20 ko 5W-30 ko 0W-20 aka rubuta musu. Ka nemi sintetik mai alamar inganci ta API SP, matakin da ya fito a 2020, ko aƙalla SN Plus na 2018. Ka kuma faɗa mana shekarar motar, tafiyar da ta yi, da ko tana da turbo.

Dattijo daga Obalende: Ni ban yarda a raina 20W-50 ba. Da shi muka yi ta zirga-zirga tsakanin Legas da Kano a zamanin Fijo 504, inji bai taɓa ba mu kunya ba. Yaran yanzu kowane abu sai sun ce sai mai tsada. Littafin da ake magana an rubuta shi ne domin ƙasar sanyi.

Bakanike daga Ikeja: Baba, da girmanka, 504 kafireto gare ta. Zafin cikin inji ba rana ce ke tsara shi ba, ruwan lagireto da tamostat ne, kuma a Amurka akwai jihohi irin su Arizona da zafinsu ya fi na Legas, da man da aka rubuta a littafin suke tafiya. Hanyoyin mai na sabbin injuna sirara ne, mai kauri yana jinkirin isa sama lokacin tayarwa. Abin da Legas ta ƙara mana shi ne cunkoso: inji yana aiki awa da awanni a Ojota da Ketu alhali mita ba ta ƙirga komai. Don haka juye kada ya wuce kilomita 5,000, tare da sabuwar filta.

Mai tambaya: Na gode, Oga, amma bakaniken nawa ya daɗe yana riƙe mini mota, bai taɓa cuta ta ba, kuma tun da na saye ta 20W-50 nake zubawa ba ta ba ni matsala ba sai yanzu. Juye ma ba na wasa da shi, da zarar man ya yi baƙi nake canzawa. Kuɗin sintetik kuma ba ƙarami ba ne ga mai biyan bashi.

Mai kayan gyara daga Ladipo: Alhaji, ka sa gwangwanin tarar mai a kan tiyon PCV, yana rage tururin da ke isa bawul. Sai dai dole ka riƙa zubar da abin da ya taru.

Direba daga Idi-Araba: Wannan ɓarnar kuɗi ce. Ka hau babban titin Ibadan ka taka ta sosai, komai zai ƙone ya fita ta salansa.

Bakanike daga Ikeja: Gudu ba ya cire abin da ya riga ya daskare a bayan bawul. Da abin mai sauƙi ne haka, da Toyota ba ta haɗa nozul iri biyu, mai fesawa cikin silinda da mai fesawa bayan bawul, a tsarinta na D-4S ba. Kuma launin mai ba shi ne ma'aunin juye ba. Malam, kafin a kwance komai, a sa mata kwamfuta: idan ta nuna P0300 zuwa P0304, wato lambobin da ke nuna silinda ba ta ƙona fetur daidai, a gwada kwayil da nozul tukuna, domin su ma suna kawo irin wannan rawar. Har yanzu ba ka faɗa mana shekara da tafiyar motar ba.

Mai tambaya: Zan duba takardun idan na koma gida. Na riga na sayi galan ɗin 20W-50, ba zan iya zubar da shi ba, don haka ina ganin zan yi wannan juyen da shi, in ga yadda za ta yi. Amma don Allah akwai wanda ya san garejin da ke yin wankin wolnot ɗin nan a ɓangaren Agege ko Ikeja, kuma nawa ake caji?