Na kawo sababbin kaji, na gida sun hana su sakat

Maman Khalid, Gadarif: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya na sayo kaji uku baladi, wato irin na gargajiya, a kasuwa, ba su fara ƙwai ba tukuna, na sake su cikin nawa guda takwas. Tun asuba babbar jar kazata take bin su da sara, ɗaya har ƙeyarta ta yi jini. Ko tsaba ba su ci ba, suna can raɓe bayan randa. Don Allah ku ba ni shawara.

Inna Hajja, Maiwurno: Wa alaikumus salam 'yata. Tashi yanzu ki ɗauke mai jinin nan. Kaza in ta ga ja ba ta dainawa, sauran ma za su taru a kanta. Ki wanke wurin da ruwan gishiri mai ɗumi, ki kife ta da kwando a inuwa, da ruwanta da abincinta.

Kawu na Sinnar: Ba mai jinin kaɗai ba, duka ukun za ki fitar. Ni faɗan bai dame ni ba, cuta nake ji miki tsoro. Shekarun baya na sayo zakara, gashi na sheƙi, cara kamar me. Na sake shi ranar. Kafin sati biyu kajina sun fara zawo kore, suna buɗe baki suna neman numfashi, wasu wuyansu ya murɗe. Cikin 16 biyu suka rage mini. Cutar fakat ce, wadda maƙwabtanmu suke kira simer. Tana iya kwana 2 zuwa 15 a jikin kaza ba ta nuna ba, shi ya sa ido ba ya ganewa a kasuwa. Tun daga nan baƙuwar kaza sai ta yi wata guda a keɓe a gidana, nesa da akurki, kaskon ruwanta daban. In zan ba da tsaba, na gida nake fara ba, sannan baƙin, in wanke hannu.

Maman Khalid: Innalillahi. Kawu ai sun riga sun kwana tare.

Kawu na Sinnar: Duk da haka raba su, ki sa ido a kan kowa. Ki je wurin likitan dabbobi ki tambayi rigakafin da ake ɗigawa a ido ko a sa a ruwan sha. Masu lafiya ake yi wa, ba ya warkar da wadda ta kamu.

Yaya Babba, Kasala: Ki kuma ɗaga fikafikansu ki duba ƙarƙashi, da gindin wutsiya. Ƙwarƙwata da kaska a nan suke ɓuya. Kaskar kaji da dare take shan jini, da rana ta shige tsagar katangar laka, in ta shiga akurki fitar da ita aiki ne. Ki tara musu toka da yashi su yi birgima.

Inna Hajja: In kwanakin sun cika, kada ki sake su kai tsaye. Ki kewaye musu wani lungu na tsakar gida da ragar waya, suna ganin juna baki ba ya kaiwa. Sati guda. Ki riƙa watsa dawa a gefen ragar ciki da waje, su saba ci kusa da juna.

Abban Fatima, Damazin: Inna, mu da dare muke sa su cikin akurki bayan duk sun yi barci. Gari na wayewa sun zama 'yan gida.

Inna Hajja: Ɗana, na yi hakan, wani lokaci ya yi, wani lokaci na tarar da gashi a ƙasa. Kaji sun san fuskar junansu. In za a yi na dare, a yi bayan satin raga, kuma a buɗe ƙofa da sallar asuba, kada haske ya same su a kulle babu wurin gudu.

Yaya Babba: Kaskon ruwa biyu ko uku, nesa da juna, yadda babbar ba za ta tsare duka ba. Da zafin garin nan ƙishi ya fi saran saurin kashewa. Ki jingina tsohon buhu ko faranti a bango su sami maɓoya. Sara ɗaya biyu a wuce, wannan girma suke rabawa, ki ƙyale su, cikin sati biyu yakan lafa. Jini ko hana ci, nan ne ake shiga tsakani.

Maman Khalid: Jar nan fa? Ita ce uwar fitinar.

Inna Hajja: Ita za ki kulle kwana uku ranar da kika haɗa su. Kafin ta fito baƙin sun san gida.

Maman Khalid: Allah ya saka da alheri. Na kwashe su zuwa bayan rakuba, wato rumfa, mai ciwon ta sha ruwa har ta fara tsattsagar gero. Gobe in sha Allah Khalid zai nemo mini ragar.