Tayoyin hunturun da na saya sun ƙi shiga motata, don Allah a ba ni shawara

Baban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kaina ne ya kulle.

Wannan ne hunturuna na biyu a Winnipeg, a lardin Manitoba na ƙasar Kanada, amma na farko da mota. Bara a bas muka yi shi, ni da uwargida da yara biyu. Duk wanda ya taɓa jiran bas a titin Pembina cikin Janairu, sanyi ya kai 30 ƙasa da sifili, gashin hancinsa ya daskare, ya san dalilin da na ce bana ko ta halin ƙaƙa sai na yi mota. A watan Yuni Allah ya nufa, na sayi Subaru Forester a hannun wani dattijo da zai koma kusa da 'yarsa. Mutumin kirki, har shayi ya haɗa mana, ya fito da rasit na duk juyen baƙin mai da ya taɓa yi. Ni Corolla na so, don ita na sani tun a Zariya. Ƙanin matata ne ya nace, ya ce a ƙasar nan mota mai ja da ƙafa huɗu ita ce mota, in kana da ita ba ruwanka da tayar hunturu. Ya riga ni zuwa da shekara huɗu, sai na bi maganarsa.

Ranar Talata da aka yi dusar ƙanƙara ta farko, uwargida ta ɗauko yara daga makaranta, ta taka birki a danja, mota ta ci gaba da tafiyarta kamar ba da ita ake ba. Allah ya tsare ba kowa a gabanta. Ta shigo gida ta ajiye mini makulli a kan tebur, ta ce ita da motar nan sai ƙanƙara ta narke. Ni kuma aikin dare nake yi, ita ke kai yara.

A daren na shiga Facebook na ga wani yana sayar da tayoyin hunturu huɗu a kan rim ɗinsu na ƙarfe, dala 350. Na ƙirga ramukan noti biyar, tawa ma biyar. Na biya na lodo. Jiya na sa jak, rim ya ƙi zama. Rami ɗaya ya shiga, sauran huɗun kowanne ya kama gabansa. Mutumin kuma ya daina amsa saƙo.

Akwai dabarar da za a yi su shiga? Ko in sayi sababbi biyu kawai in sa a gaba? Kuɗi ya yi ƙasa, watan nan na tura gida.

Maman Sadiq: Wa alaikumus salam. Subhanallah, Allah ya ƙara tsarewa, ka yi mata sannu. Amma Baban Hanifa ba ka faɗi shekarar motar ba, ba ka faɗi lambar da ke jikin tayar ba, ba ka faɗi daga wace mota aka ciro rim ɗin ba. Mun dai ji labarin shayi.

Baban Hanifa: Hajiya ki yi haƙuri. 2017 ce. Tayar da ke kanta yanzu an rubuta 225/55R18. Waɗanda na saya 225/65R17. Ina jin Toyota RAV4 ya ce.

Injiniya na Edmonton: Shi ke nan, magana ta fito. Malam, ƙirga ramuka ba ya wadatarwa, tazarar da ke tsakaninsu ake dubawa. Forester ta 2017 ramukanta 5x100 ne, wato da'irar da notuna biyar suka zauna a kai faɗinta milimita 100. RAV4 kuwa 5x114.3. Sai daga 2019 Forester ta koma 114.3, shi ya sa mutane da yawa ke faɗawa wannan rami. Ko za ka kwana kana bugu da guduma ba zai shiga ba. Bayan haka akwai ramin tsakiya: na Subaru 56.1, na Toyota 60.1. Hatta zaren notin ba ɗaya ba ne, na Subaru 1.25, na Toyota 1.5, don haka in ya haɗa maka da notuna kar ka kusance su.

Maganar taya biyu kuma ka cire ta daga ranka gaba ɗaya. In gaba ya riƙe ƙasa baya bai riƙe ba, a kwana ta farko bayan motar zai zagayo ya gaishe ka. Ban da wannan, motarka kullum tana raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. In kewayen tayoyin ya bambanta, na'urar da ke rabawar tana ɗauka wata ƙafa santsi take yi, ta yi ta aiki tana zafi har ta ci kanta. Ƙa'idar da aka sani ga Subaru, kar bambancin kewaye ya wuce kwatan inci. Gyaran giyabos ɗin ya ninka kuɗin taya huɗu.

Ƙanin matarka kuma, da girmamawa, ya faɗi rabin gaskiya. Ja da ƙafa huɗu yana taimaka maka ka tashi, ba ya taimaka maka ka tsaya. Kowace mota da ƙafa huɗu take birki, har Corollar da ka so. Robar taya ta yau da kullum tana fara tauri da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, a 30 ƙasa da sifili kuwa ta zama kamar tsohon silifas.

Abin yi: rim na ƙarfe inci 17 mai 5x100, taya 225/60R17, wadda ita ce ke zuwa da ƙananan samfurin motarka daga kamfani. Tayar hunturu irin su Blizzak WS90, ko Michelin X-Ice Snow, ko Nokian Hakkapeliitta. Ka duba jikin tayar ka ga alamar dutse mai ƙololuwa uku da furen ƙanƙara a ciki, ita ce shaidar tayar hunturu. Rubutun M+S (laka da dusar ƙanƙara) kaɗai ba ita ba ce.

Baban Hanifa: Na gode Injiniya. Amma gaskiya ba sakaci na yi ba, dare ne, a gareji mai kwan fitila ɗaya, kuma akwai wani da ya ce yana hanya zai ɗauka. Ƙanin matata kuma shekara huɗu yana tuƙi bai taɓa sa tayar hunturu ba, bai taɓa ko gogar wani ba.

Injiniya na Edmonton: Wanda bai faɗa rijiya ba bai tabbatar da cewa babu rijiyar ba.

Ɗan Maraɗi a Montreal: Ku a Manitoba ma zaɓi kuke da shi. Mu a Quebec doka ce, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, in babu tara ce ta dala 200 zuwa 300. Ni ba sayen ne ke damuna ba, wurin ajiya ne. Ɗaki biyu gare mu a hawa na uku, babu lif. Bara na jera tayoyin a baranda, mai gida ya liƙo mini takarda a ƙofa wai na ɓata masa fuskar gini. Na shigo da su falo, madam ta rufe su da zani ta ɗora fulawa a kai, gidan ya yi wata shida yana warin shagon mai faci. Kuma duk Nuwamba sai ka yi sati uku kana jiran layi a gareji. Ka godewa Allah da ka sayo masu rim, aƙalla da kanka za ka riƙa canzawa.

Maman Sadiq: Ai rim ɗin ne ba su shiga ba, Malam.

Ɗan Maraɗi a Montreal: Au, haka ne. To Allah ya kyauta.

Abu Yasir: Ni ban ga abin tayar da hankali ba. Rim ne bai yi ba, tayar ai tana nan. Ka nemi rim 17 na Subaru na hannu, a ciro robar a mayar a kai. 225/65R17 ta fi taka tsayi da kusan santimita 2, bai kai kashi 3 cikin ɗari ba. Mutane da yawa suna sa ta a Forester, ƙasan motar ma ya ɗan ƙara tashi. In allura ta nuna 100 kana kan 103, shi ke nan. Tunda huɗun girmansu ɗaya, giyabos ba ruwansa.

Injiniya na Edmonton: Abu Yasir, ka taɓa ganin yadda ƙanƙara ke cushewa a cikin mudgad ta daskare kamar siminti? Wannan santimitar da kake rainawa ita ce wurin da taya ke juyawa. Kuma wa ya ce maka girmansu ɗaya? Baban Hanifa, je ka duba gefen kowace taya, bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu na ƙarshe. Biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara. Ka faɗo mana, da sunan kamfanin kowace ɗaya.

Baban Hanifa: Na duba. Uku an rubuta 4117. Ɗayar 3821, kuma sunanta daban, haƙoranta sun fi na sauran tsawo. Amma wallahi ukun ma da sauransu, ba su yi sanƙo ba. A gida irin waɗannan sai a yi shekara biyu ana morar su.

Injiniya na Edmonton: To ka ji. Sati na 41 na 2017, sa'annin motarka ne. Robar hunturu laushinta ne amfaninta, in ta tsufa ta bushe sai sunan. Hukumar sufuri ta Kanada ma cewa ta yi in haƙori ya kusa milimita 4 a daina hawa dusar ƙanƙara da ita. Ga kuma bare ɗaya a cikinsu. Na rufe wannan babin.

Baba Sule: Kun tuna mini. Irin waɗannan tayoyin ne fa ake lodawa a kwantena a kai mana gida a ce 'yan Beljiyam. Shekarun baya na sayi huɗu a Kano, haƙora zaƙo-zaƙo, ina murna na yi tsintuwa. Ashe na ƙasar sanyi ne. Wata uku a kwaltar Kano zuwa Kaduna cikin zafin Afrilu suka narke kamar man shanu, ɗaya ta fashe mini kusa da Kwanar Dangora. Sai da na zo nan na ga alamar dutsen na gane abin da aka sayar mini. Mu aka mayar bola.

Ummu Aiman: Ni dai a Toronto nake, kuma shekara uku ke nan ina kan Michelin CrossClimate 2, rani da hunturu, ba canji, ba ajiya, ba rim na biyu. Tana da alamar dutsen da Injiniya yake faɗa. Ka sayar da na kan motar da waɗanda ka sayo, ka cika ka sa irinta, ka huta. Abin da ya ba ni haushi kawai kamfanin inshorata. A Ontario dole su yi ragi ga mai tayar hunturu, amma sai da na yi waya sau huɗu, ragin da suka yi bai kai kuɗin cefanen sati ba.

Injiniya na Edmonton: Hajiya, Toronto ai hunturun wasa kuke yi, gishiri ya narkar muku da komai. A Winnipeg in sanyi ya yi tsanani gishiri ba ya aiki, yashi ake watsawa, mahaɗar titi ta zama gilashi har Maris. In ni ne ma taya mai ƙusa zan sa, Manitoba ta yarda da ita daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Afrilu.

Abu Yasir: Mai ƙusa a cikin gari? Ƙarar kaɗai ta ishe ka, kamar ana soya gyaɗa a ƙarƙashin kujera. Kuma a busasshiyar kwalta ba ta fi ba. Mutum ya ce ba shi da kuɗi, kai kana ƙara masa lissafi.

Maman Sadiq: Baban Hanifa, tunda a Manitoba kake, MPI, wato hukumar inshorar motoci ta lardin, suna da shirin bashin tayar hunturu, da rim da kuɗin ɗaurawa duk a ciki, ana cira kaɗan-kaɗan duk wata. A shagon tayar ake cike takardar. Mu da shi muka yi namu.

Baban Hanifa: Na ji labarinsa Hajiya, amma akwai ruwa a kai. Motar ma sai da na tara na saya don kauce wa wannan.

Baba Sule: Ran yara fa ake magana. Ai larura ce.

Abu Yasir: Baba, larura tana da sharuɗɗa, ba kowane matsi ba ne larura. Ga bas nan yana yawo.

Maman Sadiq: Don Allah kar mu buɗe wannan, wancan karon kwana uku aka yi har mutum biyu suka fita. Ya tambayi malaminsa.

Baban Hanifa: Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Yanzu muka gama waya da ƙanin matata. Ya ce akwai wani faifan ƙarfe da ake ɗaurawa tsakanin mota da rim, ya mayar da 5x100 zuwa 5x114.3, kuma ya san mai kawowa da sauƙi. Ina ganin shi zan gwada, tunda kuɗin nan an riga an kashe, in lallaɓa bana, baɗi in sayi sababbi. Bare ɗin sai in sa ta a baya.

Injiniya na Edmonton: Inna lillahi. Faifan zai turo ƙafar waje, ga tayar ta riga ta fi tsayi, ga nauyi a kan boris, ga notuna 10 a kowace ƙafa maimakon 5. Kuɗin faifai huɗu masu kyau ya kusa sayen rim ɗin da ya dace. Kuma shawarar wa ta kawo mu nan tun farko?

Baban Hanifa: Injiniya, surukina ne, ba zan ce masa bai san komai ba. Kuma shi ma ba da mugunta ya faɗa ba. An ce Alhamis akwai wata dusar, zan ga abin da zan iya kafin nan.

Ummu Aiman: Baban Hanifa, in ka fasa, rim ɗin nawa za ka bari? Ƙanwata tana Winnipeg, Honda CR-V gare ta, na ji an ce ita ma 5x114.3 ce.

Injiniya na Edmonton: Hajiya tsaya tukuna. Ramin tsakiyar CR-V 64.1 ne. Baban Hanifa, kana da abin awo a gida?