Musu kan kashe 2G da 3G a Kaduna

Injiniya Kabiru: Jama'a, zan faɗi abin da ba za ku so ji ba. In ana son sabis mai ɗorewa, sai an kashe 2G da 3G, tsofaffin tsarin sabis na waya. Ƙarfen sabis guda yana goye da na'urorin zamani uku ko huɗu, kowacce na shan wuta dare da rana, wutar ma ta janareto da gas. Amurka ta rufe 3G tun 2022, Birtaniya kuma ta ba kamfanonin waya wa'adin kashe 2G da 3G zuwa 2033.

Hajiya Rabi: Injiniya, ka leƙo Kasuwar Barci ka ga wayar da ke hannun masu kawo mini kaya daga Giwa. 'Yar rakani-kashi ce, an ɗaure bayanta da roba, caji ɗaya kwana huɗu. Da ita suke kira, da ita suke danna lambobi su tura kuɗi. Ka kashe 2G, wa zai saya musu babba?

Injiniya Kabiru: Hajiya, ranki ya daɗe, ban ce gobe ba. Amma zangon igiyar sadarwa da 2G ke zaune a kai, wato 900 MHz, shi ne mai cin nisa da ratsa bango. In aka ba 4G shi, ƙauyukan ne za su fi mora. Sababbin na'urori kuma suna yin barci in dare ya tsala babu masu kira.

Musa Rigasa: Ni da nake hawa ƙarfen nan, bari in sa baki. Yallaɓai, lissafinka daidai ne a takarda. Amma sabon tsarin, 5G ɗinmu, a zangon 3.5 GHz yake, ba ya nisa, sai an ƙara ƙarafa, kowanne da cikinsa. Kuma abin da ke kashe mana sabis ba tsufan na'ura ba ne. Wani wuri da nake dubawa, mun sa sola da batir sababbi. Hunturu ya shigo, ƙura ta rufe farantan har ina rubuta sunana da yatsa a kai. Kafin mu samu mai gogewa, ɓarayi sun fasa kejin sun kwashe batiran. Muka koma gas.

Malam Auwal: Ai shi ya sa nake cewa gyaran gangar auzinawa ake. A 2021 kamfanonin sadarwa na MTN da Mafab suka ci gwanjon lasisin 5G, kowanne a kan dala miliyan 273.6. A Oktoban 2024 da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta yi kwanaki a duhu, wa ya tuna da wani 5G? Layin cajin waya muke bi.

Injiniya Kabiru: Malam, ai ka taya ni ne. Tunda wutar ce babu, sai a rage masu shanta. Kuɗin gas na cikin abin da kamfanoni suka yi kuka da shi har hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yarda da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025.

Hajiya Rabi: Ƙarin muka biya, kiran bai daina yankewa ba. Ka tuna ƙarshen 2021 da aka datse sabis a su Birnin Gwari saboda 'yan bindiga? Wata biyu ina aika saƙo ta bakin direba.

Musa Rigasa: In ta ni ce, a fara da 3G. Masu data su koma 4G, a bar 2G ga su Hajiya har waya ta yi arha. Sai dai ko babbar wayar ce, in ba ta iya kira ta kan 4G, da ka danna kira 2G ko 3G take gangarawa.

Injiniya Kabiru: Na yarda da rabi. Amma a sa rana.

Hajiya Rabi: Ku sa. Ranar ka zo da wayoyi talatin, ina da sunayen mutanen.