Neman kalma: zaman ƙasa da maƙwabciyarta, me za mu kira shi?

Salam 'yan uwa masu fassara da 'yan rediyo na nan Bauchi. Abin nan da turawa ke cewa good neighbourliness, mutanen Nijar kuma bon voisinage, kusan kowa "kyakkyawar maƙwabtaka" yake cewa a labarai, ni kam wallahi ba ta zauna min ba. Sai ka ji kamar kirki ne kawai, ka ga dama ka yi, ba ka ga dama ba ka bari, alhali nauyi ne a wuyan ƙasa, kar ta tsoma baki a mulkin maƙwabciyarta, kar ta bari a fake a cikinta ana cutar da maƙwabciyar, ruwan da suke sha tare kuma kar ta tare shi ita kaɗai. Ni "haƙƙin maƙwabtaka" na zaɓa.

— Malam ai "zumunci" ya fi daɗin faɗi, mu da Nijar ba 'yan uwa ba ne? Daura da Damagaram fa.

— Hajiya gaskiyarki kan Nijar, amma zumunci na jini ne da auratayya, shi kuwa wannan ko ba ku haɗa komai ba in dai iyaka ta haɗa ku ya hau kanku. Ki duba kogin Jama'are da ya ratsa jiharmu, ya haɗu da na Haɗeja ya zama Komadugu Yobe, ya bi iyakar Nijar ta wajen Diffa kafin ya faɗa Tafkin Chadi, shi ya sa maganar gina madatsar ruwa ta Kafin Zaki a kan kogin Jama'are ba tamu ba ce mu kaɗai, masunci da manomin rani na can suna da haƙƙi a ruwan. Don irin haka Najeriya, Nijar, Chadi da Kamaru suka kafa Hukumar Tafkin Chadi a 1964.

— To "hulɗar diflomasiyya" fa ranka ya daɗe?

— Wannan ai har da Japan muna yi. A 2023 bayan juyin mulkin Nijar da aka rufe boda aka yanke musu wuta, abin da malamai da 'yan kasuwa suka yi ta faɗa shi ne an take haƙƙin maƙwabci, kalmar tana bakin mutane tun daga wa'azi.

— Na yarda, amma in taro ne shugabanni suka sa hannu a takarda?

— Sai mu ce "yarjejeniyar maƙwabtaka". In manufar gwamnati ce kuma, "manufar kiyaye haƙƙin maƙwabtaka". 'Yan Gombe ku gwada a labaran yamma mu ji yadda za ta zauna a baki.