Maganin silosibin da ciwon damuwa: abin da aka tsayar a zaman Jidda

Bayan sallar isha, Hausawan Jidda sun zauna kan halin 'yan'uwan da suka baro Khartum tun yaƙin 2023. Wasu barci ya ƙaurace musu, ko ƙofa aka buga sai su zabura. Wani matashi ya kawo batun silosibin, sinadarin da ke cikin wani nau'in naman kaza (wato laimar kwaɗi), ko zai taimaka musu.

Likitan da ke wurin ya ce maganar tana da tushe. Sinadarin yana taɓa mashigar serotonin (wani sinadari mai alaƙa da yanayin ran mutum) a ƙwaƙwalwa, kuma bincike a jami'ar Johns Hopkins ya nuna yana iya sassauta baƙin ciki mai tsanani. A Ostireliya, tun Yulin 2023 aka yarje wa wasu likitocin ƙwaƙwalwa bayar da shi. Amma can tantance mutum ake yi, masana su zauna da shi awanni, sannan a biyo da zaman tattaunawa. Mai tarihin taɓin hankali a danginsu ba a ba shi.

"Ɗana, nan Saudiyya haramun ne, hukuncinsa mai tsanani," in ji wani dattijo. Kowa ya yarda, ni ma haka.

Shawarar da aka tsayar: a kai masu firgita asibitin ƙwaƙwalwa, a rage barinsu su kaɗai, kada kowa ya sayi komai ta intanet.