Rumfar leda a bayan gida: wa iska ta taɓa kwashe wa tasa, kuma yaya ya gyara?

Baban Khalifa, Zariya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Bara na kafa rumfar leda a bayan gidana, irin wadda ake kira girinhawus, tsawo ƙafa 20, faɗi ƙafa 12, na zuba tumatir da tattasai. Katako na sa, na lulluɓe da farar ledar kasuwa. Tun a watan Afrilu furen tumatir ya fara zubewa, ban gane dalili ba. Sai hadarin farko na watan Mayu ya taso daga gabas bayan la'asar. Kafin ɗigon ruwa ya sauka iska ta ɗaga rumfar gaba ɗaya ta kifa ta a kan katanga. Wallahi abin ya yi min ciwo, don da hannuna na raini shukar nan tun tana iri. Ina so in sake kafawa kafin damina. Duk wanda ya taɓa gwadawa ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Mai Walda, Kano

Wa'alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Malam. Tawa ma ta taɓa tafiya, kuma na yi wa mutane kusan goma tun daga nan. Abin da na fahimta shi ne iskar farkon damina ba ture rumfa take yi ba, shiga ƙarƙashinta take yi ta ɗaga ta kamar lema. Saboda haka aikin yana cikin ƙasa.

Ni fayif nake sawa, wanda ba ya tsatsa, mai inci ɗaya da rabi. Ramin kowace ƙafar rumfa zurfin ƙafa biyu, in yi wa gindin fayif ɗin waldar guntun rodi a gicciye, sannan in zuba kankare. Rodin nan shi ke hana iska zare fayif daga siminti. Tsakanin ƙafa da ƙafa kada ya wuce ƙafa shida. A kusurwa huɗu kuma dole a sa ƙarfe a karkace, daga saman wannan ƙafa zuwa gindin waccan, in ba haka ba rumfar za ta riƙa rangaji har walda ta saki. Rufi a lanƙwasa shi kamar baka.

Hadarinmu daga gabas yake zuwa, kowa ya sani. To ka ba gabas ɓangaren da ya fi ƙanƙanta, ƙofa kuma ta kalli yamma. Ledar a ja ta ta ɗame kamar fatar ganga. Ledar da ke kaɗawa ita ke yagewa. Kada ka buga mata ƙusa kai tsaye. Akwai wata kwatar alminiyom da waya mai lanƙwashe-lanƙwashe da ake matse leda da ita, masu sayar da kayan ban ruwa suna da ita. In ba ka samu ba, naɗe bakin ledar a jikin siririn katako sannan ka ɗaure.

Ɗan Lambu, Sakkwato

Maganar Mai Walda gaskiya ce, amma ni a ganina tun daga leda aka yi kuskure. Bidiyon da muke kallo a YouTube yawanci na Turai ne da Amurka, su kuwa zafi suke son tarawa a ciki saboda sanyi da dusar ƙanƙara. Mu me za mu yi da ƙarin zafi? A nan watan Afrilu waje kansa yana wuce digiri 40. Na rataya ma'aunin zafi cikin tawa da azahar, na ga ya haura 50. Tumatir kuwa da zafi ya kai wajen 35 fure ba ya kamawa, zubewa yake yi. Abin da ya sami naka ke nan, Baban Khalifa.

Na cire ledar na sa ragar inuwa, mai tare rabin hasken rana, na ɗaga rufin ya kai ƙafa goma. Iska tana ratsa raga ta wuce, ba ta samun abin kamawa. Damina biyu ke nan ko motsi ba ta yi ba.

Hajiya Mai Salak, Jos

Ɗan'uwana na Sakkwato, garinku daban namu daban. Mu nan in ba leda a sama, ruwan Yuli da Agusta kaɗai ya isa ya ƙone ganyen tumatir da cuta, ga ƙanƙara da kan faɗo mana a farkon damina. Shekarar da ta fara sauka a lambuna, salak ɗina duk ya koma kamar an tattaka shi, ledar farko kuma ta zama rariya. Ledar kasuwa ce irin ta Baban Khalifa, dama rana ta riga ta cinye ta, taɓa ta ka yi sai ta ɓare.

Yanzu mai kaurin maikuron 200 nake sawa, wadda aka yi don jure rana, a rufi kawai. Gefe duk raga ne. A Disamba da Janairu da sanyi ya tsananta sai in saki labulen leda da magariba, in naɗe da hantsi. Abu biyu na koya da asara. Duk inda leda ta kwanta a kan ƙarfe mai zafi nan take fara mutuwa, don haka na shafa wa ƙarfen farin fenti na naɗe shi da tsumma. Sannan in rufi ya yi lotsawa ko kaɗan ruwa zai taru ya yi tumbi, nauyinsa ya lanƙwasa fayif. Cikin dare na taɓa fita da muciya ina turo ruwa daga ƙasa.

Manomi daga Kura

Ni ba iska ce ta kai ni ga rumfa ba, tsutsa ce. Wanda ya noma tumatir a yankin Kadawa a 2016 ba zai manta da Tuta absoluta ba, wadda aka riƙa kira Ebolar tumatir. Tun daga nan nake rainon iri a cikin ragar ƙwari mai ƙananan ido, da ƙofa biyu, ka rufe ta waje kafin ka buɗe ta ciki. Tana tare farin ƙuda ma.

Sai dai ragar nan tana da nata hali. Da hunturu ƙura ke toshe idanunta, iska ta daina shiga, ciki ya ɗau zafi, kuma in guguwa ta zo sai ta same ta kamar bango. Duk sati biyu nake wanke ta da tiyo. Kuma tunda iska ba ta kaɗa shukar sosai a ciki, da hantsi nakan bi in girgiza igiyoyin da tumatir ya hau. Da na fara haka na ga bambanci a yawan 'ya'ya.

Abdu na Maraɗi

Salamu alaikum. Wanda ba ya da kuɗin ƙarfe kada ya karaya. Tawa da azara na yi ta, gara ba ta cika damunta ba. Katakon da na fara sawa wata shida bai yi ba gara ta cinye gindinsa, ko da na shafa baƙin mai. Gefen gabas na kafa zana biyu nesa kaɗan da rumfar, su ke karya ƙarfin iska da rairayi. Amma a kula da itace: reshen dogon yaro ya taɓa karyewa ya faɗa kan tawa.

Maman Ilham, Katsina

Ku ƙara da bulo layi biyu a ƙasa kewaye. Akuyar maƙwabta ce ta huda ragata, kaji suka bi ta ramin.

Baban Khalifa, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zariya muna da ruwa kuma muna da zafi, don haka tsarin Hajiya zan bi: leda a sama, raga a gefe, da bazara in ɗora ragar inuwa. Mai Walda, filin nawa tsawonsa kudu da arewa yake, dole gefe mai tsawo ya kalli gabas. Katangar gidan tana nan gabas ɗin, ƙafa bakwai tsayinta. Yaya zan yi?

Mai Walda, Kano

Katangar za ta taimaka, amma iskar da ta tsallako ta kan rufi za ta sauka. Ka rage tazarar ƙafafun zuwa ƙafa biyar, ka ƙara zurfin ramukan gabas. Sannan ka ɗora igiyoyi masu faɗi ta saman ledar tsakanin kowane baka biyu, ka ɗaure su a turaku cikin kankare. Kankaren ka bar shi ya yi sati kana ba shi ruwa kafin ka ja leda, kuma ka ja ta da rana ta ɗan yi zafi, ranar da babu iska.