Me ya dawo da mashaƙo, kuma me ya sa unguwannin mu ya fi kamawa?

Maman Khairat:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sani a taimaka min da bayani, abin nan ya tsaya min a rai tun satin da ya wuce. Yaron maƙwabciyata ɗan shekara shida ya rasu, Allah ya sa mai ceto ne. Da farko ciwon maƙogwaro ne da ɗan zazzaɓi, uwar ta siyo mishi maganin mura a kemis, kwana biyu sai wuya ya kumbura, ko koko baya iya haɗiyewa, kakarshi tace ai belu ne a kira wanzami, uban kuma baya gari yana kudu wajen nema sai da aka jira ya turo kuɗi tukuna. Lokacin da muka samu keke napep muka kai shi asibiti dare ya yi, numfashin shi har wani ƙara yake. Likita ya haska bakin da tocila, wallahi ina tsaye a wajen, na ga wani abu toka-toka kamar fata ya rufe can ciki. Yace mashaƙo ne. Bai kai asuba ba.

To tambaya ta biyu ce. Mu muna yara ƙyanda muka sani da sanƙarau in zafi ya zo, ni ban taso na ji ana maganar mashaƙo ba, me ya dawo da shi yanzu? Na biyu kuma shi ya fi damu na, ni ina zaune cikin garin Zariya ne amma ina koyarwa a wata makarantar kuɗi wajen GRA, unguwar masu hali, kuma ban taɓa jin ance yaro ɗaya a can ya yi wannan ciwon ko amai da gudawa ba, kullum sai dai mu. Gari ɗaya fa, kuma garin da ake zuwa asibitin koyarwa na Shika daga jihohi neman magani.

Abu Sadiq:

Wa alaikumus salam Maman Khairat, Allah ya ba iyayen haƙuri. Ni ma'aikacin lafiya ne a ƙaramin asibiti kuma ni ke zama ranar rigakafi, bari in faɗi abin da na sani.

Kafin komai, yaran gidan da duk wanda ya yi jinyar shi har da ke, ku je asibiti ku ce kun zauna da mai mashaƙo. Akwai maganin kashe ƙwayar cuta da ake ba waɗanda suka yi cuɗanya da mara lafiyan, sannan a duba wanda bai da allura a yi mishi. Kar a jira sai wani ya fara ciwon wuya. Ta tari da atishawa yake yaɗuwa, ɗaki ɗaya yara biyar shida suna kwana kin ga ai ba wuya.

Mashaƙo ba sabon ciwo bane, rigakafi ne ya danne shi har aka manta da shi. Ƙwayar tana fitar da guba, ita ke yin wannan fatar da kika gani a maƙogwaro ta toshe hanyar iska, kuma gubar tana iya taɓa zuciya ko bayan wuyan ya sace. Shi ya sa asibiti ke ba da maganin karya gubar haɗe da na kashe ƙwayar, kuma da wuri ake so. Yanke belu baya taɓa shi, sai ƙara ma yaro rauni da zubar jini.

Ɓarkewar da muke ciki ta fito fili ne a watan Disamba 2022, Kano ta fi kowa shan wahala, a 2023 ta shigo mana jihar Kaduna, an samu a Kafanchan an samu a Maƙarfi nan kusa da mu. Yawancin waɗanda ya kama yara ne da ba a yi musu allura ba ko ba a ƙarasa ba. Allurar ita ce penta, wadda ake yi a cinya sau uku, sati 6, sati 10, sati 14, tana kare mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙe-haƙora da ciwon hanta da wata ƙwaya mai kawo sanƙarau da ciwon huhu. Kyauta ce.

In na buɗe rijista ta abin da nake gani kenan kullum, shafin allurar haihuwa cike, penta ta farko an ɗan ragu, ta uku kuwa layi-layi ba kowa. In ka bi gida ka tambaya sai ace ai da aka yi ta farko yaro ya kwana yana kuka da zazzaɓi maigida yace kar a sake. Alhali wannan zazzaɓin kwana ɗaya ne biyu, farasitamol ke sauke shi. Ga kuma 2020 lokacin kullen korona yara da yawa sun tsallake, su ne yanzu suka girma suke makaranta da islamiyya ba kariya.

Dattijon Kwarbai:

Allah ya jiƙan yaro. Malam Abu Sadiq ka yi bayani, Allah ya saka, amma bari in ƙara wani abu a matsayi na na wanda ya ga jiya, don kar a ɗauka mutanen mu haka kawai suka tsani allura. A 1996 da aka yi annobar sanƙarau kamfanin Pfizer na Amurka ya yi gwajin maganin Trovan da ya haɗa yara wajen 200 a Kano, wajen rabin su aka ba shi, 11 suka rasu, wasu suka nakasa, aka yi ta shari'a shekara da shekaru. Wannan labarin ba gidan da bai shiga ba a Arewa. Shi ya share fagen abin da ya faru a 2003 da aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano sai 2004 aka dawo. Ni kaina a lokacin na hana a ɗiga ma yara na, ba zan ɓoye ba. Abin da muke cewa shi ne, ya za a yi ka bi ni har zaure da maganin ciwon da ban gani ba kyauta, amma in ɗana na masassara na je asibiti ko kati sai na biya?

Abin da ya canza min ra'ayi ido na ne. Da in ka zo bakin masallacin Juma'a ko kasuwar Sabon Gari yara nawa za ka gani suna jan jiki da hannu? Yau ka nemi ƙaramin yaro mai sabon shan inna ka gani. Tun 2016 a Borno ba a sake samun asalin cutar ba, har aka ayyana Afirka ta rabu da ita a watan Agusta 2020. Kuma sai da aka sa sarakuna da hakimai da masu unguwa da limamai a gaba sannan abin ya yiwu. Jikoki na yanzu kowa da katin shi, ni nake ajiye su cikin jakar takardun gida. Sai dai waccan tambayar tamu ta da har yau ba a amsa ta ba, talaka na nan yana biyan kuɗin kati.

Ummu Hanifa:

Baba Allah ya ƙara girma, kun taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni gaskiya raina na ɓaci in naji ana cewa jahilci ne ke kashe mu, kamar matar GRA ta fi mu son ɗanta ne. Maman Khairat amsar tambayan ki ta biyu ruwa ne da kuɗin mota, wallahi ba wani abu ba. Yaran makarantan ku gidan su akwai bohol da tanki a sama, bayin su na ruwa ne, in yaro ya yi zafi da dare mota na tsakar gida. Mu layin mu famfo sai ya yi sati bai zo ba, in ya zo kuma bututun ta cikin kwata ya bi, duk ya tsattsage an ɗaure da roba, ranar farko ruwan har wari yake. Sai rijiya, rijiyan kuma taku nawa ne tsakanin ta da masai? Gidajen cikin gari a matse suke, masan maƙwabci na jikin katangan ka, damina na sauka ƙasa ta jiƙe komai ya haɗe. In ba haka ba ka siya wajen 'yan garuwa, kai baka san inda suka ɗebo ba, jarkan ma cikin ta kore shar.

Amai da gudawa ai kashi ne ke shiga ruwan sha ko abinci, ba iska bace ba kuma maita ba. A 2021 mutum sama da dubu 100 aka yi zargin sun kamu a ƙasar nan, sama da dubu 3 suka mutu, kuma jihohin Arewa ne suka fi yawa. A shekaran nan na yi jinyar ƙanwata, gudawan kamar ruwan shinkafa, cikin awa kaɗan ido ya faɗa fata in ka ja bata komawa. Abin da ya riƙe ta kafin mu isa asibiti ruwan gishiri da sukari ne, don haka mata a riƙe wannan: ruwa mai tsabta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, ana ba da shi kaɗan-kaɗan ko yana amai, in akwai na leda na kemis ya fi, ana yi ana haramar tafiya asibiti ba wai a zauna ba.

Ana ce mana ku tafasa ruwa. To da gawayin nawa? Mace mai yara bakwai da ke lissafin itacen tuwon dare ita za ta tafasa bokiti uku kullum? Ina yi ma jariri na, amma na gida duka ban iyawa, gaskiya kenan.

Ɗan Samaru:

Salam. Ni ɗalibi ne a ABU, abin da Anti Ummu Hanifa ta faɗa alƙaluma ma sun nuna. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cikin yara 1,000 da aka haifa, 132 basa kai shekara biyar a Najeriya. Amma in aka raba, Arewa maso Yamma 187 ne, Kudu maso Yamma 62. Ninki uku kenan a ƙasa ɗaya. Kuma yaran da suka samu cikakken rigakafi na farko kashi 31 ne kacal cikin 100 a ƙasar gaba ɗaya, namu yankin ƙasa da haka. Irin wannan ratar ce ke tsakanin gidan mai hali da gidan talaka ko a gari ɗaya, ita ce kike gani tsakanin makarantar ku da layin ku. In kika fita ƙauyukan Giwa ko Soba ko Kudan kuma sai kin ce mu na cikin gari muna cikin gata.

Sannan sama da kashi 70 na kuɗin da ake kashewa a lafiya a ƙasar nan daga aljihun mara lafiya yake fita kai tsaye, shi ya sa aka tsaya jiran uban yaron ya turo kuɗi. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su riƙa ware kashi 15 na kasafi ma lafiya, gwamnatin tarayya bata taɓa kaiwa ba. Shika babban asibiti ne na koyarwa, aikin shi manyan cutuka da aka turo, ba shi zai hana mashaƙo shiga lungu ba, ƙaramin asibitin mazaɓa ne zai yi wannan in akwai ma'aikata da magani da firjin allura mai aiki.

Abin da nake ganin mutane basu sani ba kuma suna da haƙƙi akai: gwajin tarin fuka da maganin shi na wata 6 kyauta ne, cibiyar horaswa ta ƙasa ta tarin fuka da kuturta ma a nan Saye take. Akwai kuma KADCHMA, inshorar lafiya ta jiha, ba ta ma'aikatan gwamnati kaɗai bace, mai sana'a ma na iya shiga. Da maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar duk wata lokacin damina, a karɓa a ƙarasa na kwana ukun.

Maman Khairat:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Baba na gode da kuka faɗi gaskiya, don surukata ma maganar Kano ɗin nan take kawowa kullum, zan karanta mata abin da kuka rubuta. Jiya da dare na zazzage akwati na ciro katunan yara na, Khairat nata cikakke ne, amma ƙanin ta penta biyu kawai na gani, gurbin ta ukun ba komai, na tuna lokacin kulle ne kuma ban koma ba. Jikina har rawa yake. Malam Abu Sadiq, yanzu yaron ya wuce shekara biyar, an makara ne? Kuma maƙwabciyar tawa tana da sauran yara uku, ba mai kati ko ɗaya, tana jin kunyar zuwa wai za a yi mata faɗa a gaban mutane.

Abu Sadiq:

Ba a makara ba. Ƙanana ana musu penta, waɗanda suka girma kamar naki akwai wata ta mashaƙo da sarƙe-haƙora, irin wadda ake ma masu ciki wajen awo, ita ake musu. Ki tafi da katin ko ya yage, za a duba a ɗora daga inda aka tsaya, ba sai an faro daga farko ba.

Maganar kunya kuma gaskiya ne wasun mu na da kaushin baki, bai kamata ba, mace tana cikin zaman makoki ba faɗa take buƙata ba. Ki raka ta da kanki, ku je da safe, ki fara shiga ki gaya ma mai kula da asibitin cewa an yi rasuwar mashaƙo a gidan. Doka ce a sanar da jami'in sa ido kan cutuka na ƙaramar hukuma, su ya kamata su zo layin su duba sauran yara. Ki gaya ma mai unguwa shi ma, da malamin islamiyyar da yaron ke zuwa, don 'yan ajin su. Amma yara ukun nan kar a bari sai jibi, gobe ku kai su.